Lomar Farko

Shin da ni yake magana, ko wata baƙuwa ya gani zaune kusa da shi? Tun ranar da anka kai maigidana makwancinsa nake juya wagga tambaya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ban samo amsa ba. Na tambayi limamin unguwarmu nan Wurno, ya ce Allah ne masani. Na san da haka. Ba abin da na tambaye shi ke nan ba.

Ni ban yi karatu ba, ko na allo ban wuce abin salla ba, don haka jikata ce ke rubutawa. Na ce mata in ta ga ina kuka ta aje alƙalami ta jira, ba ya daɗewa. Abin da ya sa na yarda a rubuta kuwa, ku ne, 'yan matan da anka ce za a kai Sakkwato koyon aikin jinya. Kun zo gaishe ni, ɗayarku ta ce tana dariya, "Kaka, ai naku aikin ba wuya. A ɗaure mutum, a tura mashi tuwo." Ban ji haushi ba, ɗiyata. Ƙarfin jin haushi ma ya ƙare mini. Amma tuwon nan da kinka ce a tura, shi ne aikin duka, shi ya ci ƙuruciyata, shi ya ci tsufana.

Gidanmu ne na ƙarshe ta gabas, inda gari ya ƙare gonaki sunka fara. Mutanen gari na ce mashi gidan mahaukata. Cikin gidan kuwa ba a faɗin wagga kalma, uwar maigidana ta hana. Inna kowa ke kiranta, kuma ita ta koya mini aiki. Baƙi muke ce musu. In za a kira mutum a ce bawan Allah ko baiwar Allah, har sai ya faɗi sunan da yake so. Ina sabuwar zuwa baki ya suɓuce mini na ce mahaukaciyar can ta zubar da ruwa. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Tana jin ki. Kunnenta lafiya lau yake. Ranar da ta warke za ta tuna wa ya kira ta da mi."

Malam, wato maigidana, shi ke da rubutu da saƙe-saƙi da hayaƙi, shi ke kuma riƙe maza in sun tashi. Dahuwa da wanka da wanki da zama kusa da mutum, namu ne mata. Shi da bakinsa yake cewa, "Mi zan yi da rubutu ga wanda ya ƙi buɗe baki?"

Tun ban san aikin ba na ji kalmar da ake yinsa da ita. Ina amarya, kunya ta hana ni ci. Ana kawo akushi ana mayarwa a rufe. Malam, sa'annan yana saurayi, ya shigo ya tarar da tuwo ya yi sanyi. Ya zauna daga gefe, ya buɗe, ya yanki loma ya ci, ya turo mini akushin. Ya ce, "Ci, baiwar Allah. Kin ga na ci, ban mutu ba." Na yi dariya cikin mayafi, na ci. Sai daga baya na gane abin da suke faɗa wa baƙi ke nan, ba'a ya yi mini. Har munka tsufa, in yana son tsokanata da baiwar Allah yake kirana, ni kuma in ce mashi ban taɓu ba tukuna, amma zama da shi zai kai ni.

Kwance igiya shi ne aikin farko. Ba a kawo mana mutum a sake. A kan jaki ake taho da shi, ko a jawo shi a ƙasa tun daga Goronyo ko Rabah, igiyar kaba ta ci wuyan hannu har ta shige nama. 'Yan'uwansa sun gaji, sun ji tsoro, wasu sun doke shi suna kuka. Sai a sa su fita zaure, don mutum ba ya kwantawa gaban wanda ya ɗaure shi. A yanke igiya, a wanke miki da ruwan ɗumi da gishiri, a shafa man kaɗe. Kina yi kina faɗa mashi abin da za ki yi kafin ki yi: zan taɓa hannunka, zai yi zafi kaɗan. Ko shina zaginki, ki faɗa.

Mari kuwa, ƙarfen ƙafa da kuke jin labari, akwai shi, ba zan ɓoye ba. Akwai turu ma, gungumen itace da ake sa ƙafa ciki, amma Inna ta tsane shi, ya fi yin aikin kujera a gidanmu. Mari na wanda zai doki mutum ne, ko wanda in an bar shi zai nufi gulbi. Ana naɗe shi da tsumma, kuma safe da marece sai kin sa yatsa tsakanin ƙarfe da fata. In yatsa bai shiga ba ƙafa ta kumbura, a kira maƙeri. Ranar da anka sa shi, ranar ake fara tunanin cire shi. Sauran kayan aikin ba abin da za ku yi sha'awa: ƙwarya, don in an jefe ki da ita ita ke fashewa ba kanki ba, tabarma, murfin rijiya mai nauyi. Wuƙa da igiyar guga ba su kwana inda hannu ke kaiwa. Sai zama. Ba a zama gaban baƙo ido cikin ido, ba a tsayawa bayansa. Daga gefe ake zama, ƙofa na kusa da ke, shi ma ba ki tare mashi ita ba. In ya ce ana yi mashi magana ta cikin bango, kada ki ce ƙarya ne, kada kuma ki ce kin ji. Ki ce, "Ni ban ji ba, amma na ga ya dame ka." Inna ta hana yi wa baƙo ƙarya ko ta kwabo, ta ce sau ɗaya ake kama ki.

Kulu, wata maijego daga Taloka, ita ce ta farko da anka bar mini ni kaɗai. Ta haihu lafiya, an yi suna, sai barci ya ƙaurace mata. Ta ce an yi mata sammu, ta daina ci, ta daina shan kunun kanwa, nono ya fara ɗaukewa. In ta mutu jinjirin ma ya tafi. Na kai mata tuwo na zauna gefe.

Ta ce, "Wa ya dafa?"

Na ce, "Ni."

"Mi kinka sa?"

"Kuka da daddawa da gishiri. Mai babu, Inna ta ɓoye."

Ta harare ni. Ta ce, "Ci in gani."

Na kai hannu, ta buge shi. "Ba nan ba. Nan kinka bar wa kanki mai kyau. Can."

To ga yadda ake yi, ku riƙe. Ita ke nuna inda za ki yanka. Ki tauna a hankali, ki haɗiye tana kallon maƙogwaronki, ki buɗe baki ta ga ba ki ɓoye a kumatu ba. Sannan ki tura akushi, ki faɗi abin da ake faɗa, ki ɗauke ido. Ɗauke idon nan ya fi komai wuya. Ni auduga nake ɗauka in yi ta kaɗi kamar ban damu ba, alhali kunnena na kan akushi. Ranar farko Kulu ta sa na cinye rabin tuwon, nan, can, nan kuma, ta jira ta ga ko zan faɗi. Da ban faɗi ba ta ɗan taɓa. Jinjirin kuwa ni ke riƙe da shi yana tsotso, hannuna bai taɓa barin ƙarƙashinsa ba, kuma ba a bar su su biyu ko na shiga bayan gida. Ta warke bayan kaka. Shekara da shekaru in an cire albasa sai ta aiko, ko ta taho da kanta ta tsaya bakin ƙofa tana cewa, "Ina mai cinye wa marar lafiya tuwo? Duk Wurno ba a yi maciyiya irinki ba."

Da na yi nasara kan Kulu sai na ɗauka na gama koyo. Anka kawo Jabbi, Bafillace daga wata ruga kusa da Shinaka. Ciwo ya shiga garkensa ya share shi. Ba ya duka, ba ya zagi, zama yake yana kiran shanun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, yana yi musu faɗa don sun yi nisa. Shi ma ba ya ci. Na dama mashi dawo da nono mai kyau, na zauna gefe, na sha ludayin farko, na buɗe baki, na tura. Ya juya fuska bango. Kashegari haka. Ina ta shan fura ina ƙiba, mutum na ramewa. Inna lokacin ƙafa ta hana ta yawo, na je na gaya mata. Ta yi dariya har da tari.

Ta ce, "Ke, wa ya ce miki tsoron sammu yake? Bafillace ne, ɗiyar nan. Matar wani ta zauna tana jiran ya buɗe baki? Ko da hankalinsa gara mashi ya mutu. Aje bayan ƙofa ki ɓace."

Na aje na ɓace. Da na dawo ƙwaryar kamar an wanke ta, an kife, shi kuma yana kallon rufin ɗaki kamar bai san wanda ya sha ba. Ciwon ya ɗauke mashi abubuwa da yawa, bai ɗauke kunyar gidansu ba. Tun daga nan in mutum ya ƙi ci, ba na kai hannu akushi sai na gane mi ya hana shi. Akwai ma wanda zai ce miki shi bai cancanci abinci ba, a ba yara. Irin wannan shiru yake, ba ya wahalar da kowa, kuma shi ya fi hana ni sakewa. Ranar da kinka ga ya tashi da fara'a yana bin mutane yana neman gafara, ya kyautar da hularsa, 'yan'uwa za su ce alhamdu lillahi ya warke. Ke kuwa ranar ce za ki duba murfin rijiya, ki manne mashi kamar inuwa.

Wani Baturen likita ya taɓa biyowa yana rangadi, da tafinta da dogarin hakimi. Ya duba mari ya ɓata fuska, ya ɗaga tsumman ya duba ƙafa, ya shinshina tukunyar saƙe-saƙi. Ya yi wa Malam tambayoyi, Malam ya amsa wasu ya haɗiye wasu. Daga baya anka riƙa ba mu wani ruwan barci daga ɗakin magani na En'e, wato hukumar sarki, mai wari kamar mushe. Ya taimaka. Mutumin da ya yi kwanaki yana ihu in ya samu barci, gidan duka ya samu. Amma barci yake sawa, ba ya sa ci. Baturen ya kuma ce wanda ya gagare mu a kai birni, akwai inda hukuma ke tsare irinsu. Malam ya ce to, a ransa yana cewa ba za a yi ba.

An yi, shekarar da fara ta sauka. Gero ya fitar da kai ke nan ta zo, ta bar kara tsaye. Mu da hatsi ake biyanmu, kowa ya kawo mutum ya kawo damin da zai ci. Shekarar nan dami ya daina zuwa, baƙi kuwa sunka ƙaru. Da safe ka buɗe zaure ka tarar an aje mutum an gudu. Wasu ma ba taɓuwa sunka yi ba, yunwa ce ta juya musu kai, in sun sha kunu sai su dawo daidai su fara tambayar hanyar gida. Munka ci rumbu, munka ci iri, munka koma dusa da tafasa da ganyen da ban san sunansa ba.

Abin da ba wanda ya koya mini shi ne yadda ake cin lomar farko in tuwon duka bai wuce tafin hannu ba. Duk abin da na kai bakina daga cikin mai ciwo na cire shi. Na koma ɗan tsakura, sai su gane. Wata tsohuwa ta ce mini, "Yau kin sa da yawa ke nan, tunda tsoro kike." In na ci sosai, ba abin da ya rage. In ban ci ba, ba ta ci. Ga nawa yaran a ɗaki. Na gaji shekarar nan irin gajiyar da har yau ba ta fita ba.

Malam ya je gaban hakimi neman taimako. Hakimi ma ba shi da shi. Anka yanke cewa duk wanda ba a san danginsa ba a kai shi birni. Dogarai sunka zo, baƙi sunka ƙi tashi, sai da Malam ya shiga gaba sannan sunka bi shi, don shi sunka yarda da shi. Cikinsu akwai Arzika, wani dogo daga wajen Sisawa, wanda tun zuwansa ba ya karɓar ko ruwa sai Malam ya kurɓa. A bakin gari ya tsaya ya ce, "Malam, can ma kai za ka riƙa ci mini?" Malam bai yi ƙarya ba. Ya ce, "A'a, Arzika. Zan kai ka in dawo." Ya ce to, ya bi shi. Kafin rani ya ƙare labari ya zo ya rasu, ya ƙi ci. Ban zargi kowa ba. Can ma yunwa ake, mutane sun yi yawa, kuma wa zai san akwai wanda sai an ci mashi? Malam ya ji, ya yi salati, ya shiga ɗaki. Bai sake ambaton sunan ba. Munka ci gaba da aiki shekaru masu yawa bayan haka, Inna ta rasu, yara sunka girma, amma ban ƙara jin ya yi wa wani baƙo wasa ba. Ni kaɗai yake ɗan tsokana, jefi-jefi.

Baƙona na ƙarshe shi ne maigidana. Da mantuwa abin ya fara. Ya aje carbi ya ce an sace. Ya yi alwala ya sake yi. Ya fita zaure yana tambayar ko Inna ta dawo daga kasuwa, ita da ta daɗe cikin ƙasa. Na san abin da nake gani, na gan shi ga tsofaffin wasu. Munka sallami sauran baƙi, na ce wa mutane gidan ya rufe. Sai wata rana na kai mashi tuwo, ya dube ni irin kallon da na sani sarai, wanda ban taɓa zaton zai fito daga wanga ido ba. Ya ce, "Wa ya aiko ki?"

Na ce, "Malam, ni ce."

Ya ce, "Na ga ke ce. Wa ya aiko ki, na ce."

Na zauna gefe. Na ce ya nuna inda zan yanka. Na ci, na haɗiye, na buɗe baki. Sai ya yi wata dariya mara daɗi. Ya ce, "Ni za ki yi wa wannan? A gidanmu kinka koya. Kin sha makarin sammun tun a madafa."

Ku ji fa. Duk dabarar da nake da ita, daga gidansu ta fito. Sunan 'ya'yansa ya ɓace mashi, amma aikin bai ɓace ba. Na aje bayan ƙofa kamar na Jabbi, ya watsa wa kaji, ya zauna yana jiran su mutu. Da ba su mutu ba ya ce kaji ba mutane ba ne. Na koma abin da ba a buɗe ba, gyaɗa da ɓawonta, dafaffen ƙwai, dabino. Ya karɓa na ɗan lokaci, sannan ya ce da allura ake sawa. Ruwa kaɗai yake sha, shi ma sai wanda ya ɗebo da hannunsa daga randa. Mutumin da ke riƙe ƙato shi kaɗai ya koma ina iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga.

Ɗana Ladan, na biyu, ya kasa daurewa. Ya ce mini, "Mu danne shi mu yi mashi ɗura. Baba mutuwa zai yi muna kallo."

Na ce, "Ka taɓa ganin wanda anka yi wa ɗura yana ƙi?"

"To mi za mu yi?"

"Ƙirji kunun yake bi, ba ciki ba. Sai tari, sai zazzaɓi, sai likkafani. Kuma ya tafi yana ganin ɗansa ya danne shi."

Ya ce, "Ke kin san aiki, amma aikin bai yi ba." Ya fita yana share ido da hannun riga. Gaskiya ya faɗa. Mutanen da ban san ubansu ba sun ci daga hannuna sun tashi, ga uban 'ya'yana yunwa za ta kashe shi, rumbu cike da gero. Mutuwa ban ji tsoronta ba, mun tsufa. Abin da na kasa ɗauka shi ne a ce a gidan nan, gidan da ake ci wa mutane lomar farko, maigidan ya tafi irin tafiyar Arzika.

Ba dabara na yi ba, kada ki rubuta dabara. Wata rana da hantsi na tuƙa tuwo mai laushi na shiga da shi, na aje tsakar ɗaki. Ni ma na daɗe ba na ci, ba ya wucewa. Na zame na zauna, na juya fuska bango, ɗankwali ya zame ban gyara ba. Ban san daɗewar da na yi ba.

Sai na ji motsin tabarma. Yana jan jiki. Bai zo ta gabana ba, bai tsaya bayana ba, gefe ya zauna, ya bar mini ƙofa. Na ji ya buɗe akushi. Na saci kallo: ya yanki loma, ya kai baki, yana taunawa a hankali. Ya haɗiye. Ya buɗe baki ya nuna. Ya turo akushin har ya taɓa gwiwata, ya faɗi abin da ake faɗa, ya ɗauke ido ya koma jan carbi.

Na so in yi ihu in kira Ladan. Na danne. Na ɗan tsakura na janye hannu. Ya jira. Da ya ga na tsaya, ya sake yanka ya ci, ya sake turowa. Na nuna can, ya ci can. Na nuna nan, ya ci nan. Haka munka yi har akushin ya kusa ƙarewa, hawaye na zuba cikin miya, shi kuwa bai ce mini daina ba, don ba a hana baƙo kuka.

Kullum haka na riƙa yi. In shiga, in aje, in juya fuska bango. Na sha tambayar kaina ko ƙaryar da Inna ta hana ce nake yi. Amma ban ce mashi komai ba, kuma gaskiya ce ba na iya ci sai ya ci. Ladan ya leƙo wata rana, Malam ya ɗaga mashi hannu ya kore shi da ido, irin yadda yake korar dangin baƙi zuwa zaure. Yaron ya fita ya jingina da bango yana dariya yana kuka. Fuskar Malam ta ɗan ciko. Har ya koma shan kunu, muddin shi zai fara kurɓa. Tsufa dai ba a warkar da shi, ƙafafu sunka kumbura, numfashi ya gajarta. Amma da hatsi a cikinsa ya tafi. Wannan kam na sani, shi nake riƙe da shi in abin ya taso mini.

Wanda ban sani ba shi ne amsar tambayar da na fara da ita. In na ce baƙuwa ya ɗauke ni, ai ga shi gefe yake zama, yana bar mini ƙofa, bai taɓa kiran sunana ba. In na ce haka kuma sai in tuna ranar ƙarshe. Ya kasa tashi, ni na matso da akushin kusa da tabarmarsa na zauna na juya baya. Ya daɗe yana kai hannu. Abin da ya yanko bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya sa a baki, ya daɗe kafin ya wuce. Ya tura akushin da bayan yatsu, bai ko motsa ba. Na juyo. To a aikinmu nan ne ake ɗauke ido, shi ya fi kowa sani, bai taɓa kuskurewa ba ko cikin ciwon. Ran nan bai ɗauke ba. Ya tsaya yana kallon fuskata, gefen bakinsa ya ɗan motsa, irin na saurayin da ya tarar da tuwo ya yi sanyi a ɗakin amarya. Ko kuwa numfashi ne ke yi mashi wuya, ni na ga abin da nake so in gani. Kafin azahar ya cika, bai sake magana ba.

Aje alƙalamin, jikata. A'a, ɗauka, rubuta wannan tukuna, yadda ya faɗa. Muryar ta yi ƙasa, sai da na sunkuya.

Ya ce, "Ci, baiwar Allah. Kin ga na ci, ban mutu ba."